Zuwa baje kolin wuƙaƙe a Abuja: yadda za ka komo Jos da wuƙar da ka je nema, da kuɗin mota a aljihu

Karo na farko da na sauka Abuja da niyyar sayen wuƙa a wurin baje koli, na dawo da guda huɗu, kuma babu wadda na je nema a cikinsu. Wuƙar damtse irin ta Buzaye ce ta kai ni, mai kube na jar fata da zoben da ake zura hannu. Kafin in isa rumfar da take, na riga na kashe kuɗinta a kan wata 'yar naɗe mai ƙyalli, da wata mai zanen ruwa-ruwa da aka ce mini ƙirar Dimashƙu ce, da wasu biyu da har yau ban san dalilin sayensu ba. Kuɗin motar komawa Jos ma a Mararaba na ranta wurin wani abokina. Da na baje su a tsakar gida, uwargida ta dube su ta dube ni, ta ce, "Abban yara, layyar unguwa aka ba ka kwangila?"

Daga wannan tafiya na fara rubuta yadda nake kashe kuɗi a irin waɗannan wurare. Abin da ke ƙasa shi ne tsarin da nake bi yanzu.

Mu dai ba mu da taron da aka keɓe wa wuƙa ita kaɗai kamar yadda ake yi a waje. A Amurka akwai Blade Show, wanda aka fara a 1982, ana yinsa kwana uku a birnin Atlanta duk watan Yuni, kuma wasu maƙeran can sai an jefa ƙuri'a kafin a san wanda zai sayi wuƙarsu. A Faransa garin Thiers na yin nasa a watan Mayu, Japan kuma garin Seki a watan Oktoba. Namu a warwatse yake: rumfunan maƙera da dukawa da 'yan koli a kasuwar baje koli ta duniya ta Abuja, wadda cibiyar 'yan kasuwa ke shiryawa a filinta na Lugbe kan hanyar filin jirgi, da baje kolin sana'o'in hannu da hukumar raya al'adu ta ƙasa ke yi, da ta Kaduna, sai kuma kasuwannin jajibirin Babbar Sallah. Amma cutar iri ɗaya ce a Atlanta da Lugbe. Mutum ya ga ƙarfe yana ƙyalli a kan tebur, lissafinsa ya gudu.

Mataki na farko: yanke adadin tun kana gida

Kada ka bar Jos ba ka rubuta lamba ɗaya a takarda ba. Ba "kamar dubu ɗari biyu haka" ba, lamba tsayayya. Kuma ka tambayi kanka daga ina kuɗin suka fito. In daga kuɗin makarantar yara ne, ko na haya, ko na ragon layya, ko jarin shago, tafiyar ta mutu tun nan. Baje kolin Lugbe yakan faɗo wajajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, daidai lokacin da aka koma makaranta kuma aljihun magidanci bai farfaɗo ba, don haka wanda bai fara tari tun kafin damina ba, sai ya haƙura da bana.

Ni adashi nake shiga musamman don wannan, in roƙi uwar adashi ta ba ni kwasar watan Agusta. Amfaninsa biyu: kuɗin ba sa taɓa cefane, kuma suna da iyaka wadda ba ni na sa ba. Sannan ina faɗa wa uwargida adadin. Wasu abokaina na ganin wannan ragwanci ne. Ni kuwa na lura cewa lambar da mutum biyu suka sani ta fi wuyar ƙetarewa.

Mataki na biyu: cire kuɗin tafiya kafin ka kira sauran kuɗin wuƙa

Nan ne yawancinmu ke yaudarar kanmu. Mutum ya ce yana da dubu 250 na wuƙa, alhali kusan rabinsu hanya ce za ta ci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba, saboda haka kada ka yi lissafi da farashin bara, ka je tasha ko ka kira direba ka ji na wannan makon. Daga Jos ta Akwanga da Keffi tafiyar sa'a huɗu ce zuwa biyar in hanya ta yi kyau, ga cunkoson Mararaba da Nyanya yana jiranka a bakin gari. In ka sauka, Lugbe tana ɗaya ɓangaren birnin, wato akwai wani kuɗin motar kuma, zuwa da dawowa, kowace rana.

Ga misali, don ka ga yadda rabon yake, ka sauya lambobin da naka. A ce naira 250,000 gare ka. Mota zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari, 50,000. Kwana ɗaya da abinci da ruwa da kuɗin shiga in akwai, 45,000. Ajiyar ko-ta-kwana, wadda ba ta san hanyar rumfa ba, 25,000. Abin da ya rage 130,000 ne, kuma shi ne ainihin abin da ka je da shi. A ciki ka ware 90,000 don wuƙar da ta kai ka, 25,000 don wadda za ta kira ka ba ka shirya ba, 15,000 don dutsen wasa da mai da tsarabar yara.

Wannan kaso na tsakiya kada ka raina shi. Na gwada zuwa da alƙawarin ba zan sayi komai ba sai abin da na rubuta, alƙawarin bai kai azahar ba. Gara ka san kanka ka yanka wa zuciya rabonta, in ta cinye shi ke nan.

In kana da ɗan'uwa a Lugbe ko Kubwa ko Karu da za ka kwana wurinsa, kuɗin masauki ya ragu, amma ba ya zama sifiri. Ba za ka shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Kwandon dankalin Turawa ko kayan lambu daga Farin Gada shi ma kuɗi ne, ka sa shi a lissafi.

Mataki na uku: san abin da kake nema da kimarsa

Masu tara wuƙa iri-iri ne. Akwai mai son na gargajiya: takobi, wuƙar damtse, barho, aska. Akwai mai son na aiki, wuƙar yanka da ta fiɗa da ta daka ƙashi. Akwai mai bin na kamfanonin waje, Victorinox ta Suwizalan, Opinel ta Faransa, Mora ta Suwidin, ko Okapi wadda iyayenmu suka sani a aljihu, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 kafin a mayar da aikin Afirka ta Kudu a 1988. Zaɓi layi ɗaya a wannan tafiyar. Mai bin layi uku da kuɗin layi ɗaya zai dawo da tarkace uku.

Sannan ka yi zagayen gida. Kafin Abuja, ka leƙa maƙeran Jos da 'yan kolin Taminus da Katako ka ji nawa ake sayar da irin abin da kake so. Maƙerin da ya kai kaya Lugbe ya biya kuɗin rumfa, ya biya mota, yana biyan kwana da abinci a garin da komai ke da tsada, kuma duk wannan a kan wuƙarka zai hau. Wannan ba zalunci ba ne, amma in wuƙar da ke rumfarsa tana nan a Dilimi cikin Jos a rabin kuɗin, ba ita ce ta cancanci tafiyar sa'a biyar ba. Abin da ake zuwa nema a baje koli shi ne abin da ba ya zuwa garinku: aikin maƙeran Agadas, ƙotar tagulla ta Bidda, kuben dukawan Kano da Sakkwato, ko hannun wani maƙeri da ba ka taɓa gani ba.

In na gargajiya kake bi, ka ɓata rabin yini a gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Kallon tsohon aikin ƙarfe da fata na gaske yana gyara ido fiye da hoton waya ɗari. Na waje kuma ka duba farashinsu da dala ko yuro a shafin kamfanin, ka buga da canjin ranar. In aka yi maka tayin Victorinox sabuwa a kashi ɗaya cikin huɗu na wannan lissafin, ka san ba daga Ibach, garin da kamfanin yake a Suwizalan, ta fito ba.

Lokaci ma yana da nasa farashin. Makonni biyu kafin Babbar Sallah kowa neman wuƙa yake, maƙeri ba ya da lokacin doguwar magana kuma ba ya ragi. Bayan Sallah da mako guda, wuƙar nan ita ce dai, amma bakin mai ita ya yi laushi.

Mataki na huɗu: yadda za ka riƙe kuɗin

Kuɗin wuƙa daban, kuɗin komawa gida daban, kuma kada su kwana a wuri ɗaya. Ni nakan bar kuɗin mota da na ko-ta-kwana a asusun da ban sa manhajarsa a waya ba, katinsa kuma yana cikin jakar da na bari a masauki. Kuɗin saye nakan riƙe kamar rabinsu a hannu, sauran a asusu na biyu wanda babu komai a ciki sai su.

Tsabar kuɗi na da amfani biyu. Maƙerin da ya zo daga Nijar ko daga ƙauye sau da yawa ya fi son a ƙirga masa a hannu, kuma yakan sauko in ya ga takardun. Na biyu, kai kanka kana ganin damin yana sirancewa. Tura kuɗi ta waya ba ya ciwo, danna lamba huɗu ne kawai, shi ya sa ya fi haɗari. Ka ciro kuɗinka tun daga Jos, domin mai POS a cikin fili ya san ba ka da zaɓi, kuma cajinsa zai nuna maka haka. Ka raba su aljihu biyu, ka samu ƙananan takardu, kada ka zaro dami gaba ɗaya a gaban mai rumfa kana cewa ba ka da hali.

In tura kuɗin ya zama dole, ka karanta sunan da ya fito a fili mai kaya ya amsa, ka tsaya har ya ga shigarsu. A wurin taro sabis yakan yi nauyi. In ya maƙale kada ka sake turawa, ka jira.

Mataki na biyar: zagayen farko, hannu a aljihu

Wannan ita ce dokar da ta fi cetona, kuma ita ce ta fi wuyar bi. Sa'a ta farko ba saye. Ka bi rumfuna daga farko har ƙarshe, ka gaisa, ka duba, ka tambayi kuɗi, ka rubuta a waya: layi kaza, rumfa kaza, wuƙar damtse mai ƙotar ƙaho, ya ce kaza. In mai kaya ya yarda ka ɗauki hoto.

Za a ce maka, "Alhaji, ita kaɗai ta rage, yanzu wani ya taya ya tafi ciro kuɗi." Wani lokaci gaskiya ne. Sau ɗaya na dawo na tarar an ɗauke wadda nake so, na ji zafi har Akwanga. Amma sau da yawa nakan tarar da ita, ko in tarar da 'yar'uwarta a layi na uku da sauƙin kuɗi. Asarar wuƙa ɗaya cikin tafiya biyar ta fi mini sauƙi a kan abin da na yi a tafiyar farko.

Bayan zagayen, ka fita daga cikin hayaniya. Ka yi salla, ka ci abinci, ka zauna da jerinka. Mai jin yunwa da ƙishi a ranar Abuja ba ya ciniki mai kyau, so yake kawai a gama ya samu inuwa, ballantana mutumin Jos da ya saba da sanyi. Ka zaɓi uku daga jerin, ka jera su, ka koma wa ta ɗaya.

Mataki na shida: duba wuƙar kafin ka buɗe baki a kan kuɗi

A nan kuɗi ke tsira ko su halaka, don haka zan daɗe.

Fara da ladabi. Ba a ɗaukar wuƙar mutum sai an nemi izini, ba a zare ta a fuskar jama'a, ba a shafa ruwanta da yatsa mai gumi a mayar cikin kube. In za ka miƙa ta, ƙota ke gaba. Mai kaya yana kallon yadda ka riƙe ta, kuma daga nan yake yanke ko kai baƙo ne a harkar.

Ka ɗaga ta ka hango ta daga ƙota zuwa tsini kamar mai duba gora. Ruwan ya miƙe ko ya karkace? Kaifin yana tsakiya, ko gefe ɗaya ya fi cin dutse? Ka juya ta a haske ka nemi tsaga, musamman kusa da kaifi da inda ruwa ya shiga ƙota. Tsaga yawanci daga wurin tsoma ƙarfe take zuwa, wato lokacin da ake sa shi da zafinsa a ruwa ko mai don ya yi tauri, kuma komai ƙanƙantarta ba ta warkewa.

Ka tambayi ƙarfen. Maƙeranmu da yawa da sifirin mota suke aiki, kuma wannan abin yabo ne. Irin wannan ƙarfe, wanda a waje ake kira 5160 da danginsa, yana da juriya kuma yana ɗaukar kaifi. Wasu da tsohon magagari suke yi, wanda ya fi tauri amma ya fi saurin karyewa in ba a sassauta shi da wuta ba. Wanda za ka guje wa shi ne rodin gini da falankin ƙarfe mara ƙarfi, suna ƙyalli in an goge, amma yanka biyu kaifin ya kwanta. Tambayar da ke raba maƙeri da ɗan koli ita ce, "Baba, a me ka tsoma ta, ruwa ko mai?" Wanda ya ƙera da hannunsa zai ba ka amsa har da ƙari. Wanda ya saro zai ce, "Ai ƙarfen Jamus ne."

Taurin ƙarfen wuƙa ana auna shi da ma'aunin Rockwell, yawancin wuƙaƙe masu kyau suna tsakanin 56 da 62. Ba za ka je da na'ura ba, amma akwai gwajin maƙera: a goga magagari a hankali a bakin kaifi. In ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ƙarfen ya tsomu. In ya kama yana ci, da saura. Kada ka yi wannan da kanka a kan kayan mutum, ka roƙe shi ya yi. Wanda ya yarda da aikinsa ba ya ƙi. Takarda ma tana faɗin gaskiya, wuƙa mai kaifi tana ratsa ta ba ta yage ta, kuma inda ta tsaya nan ne aibin yake.

Baƙin ƙarfe yana tsatsa, farin da ba ya tsatsa kuwa sinadarin kuromiyam ne a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kowanne da amfaninsa. Wasu na zuwa da maganaɗisu wai don su bambance su, alhali farin ƙarfen da ake wuƙa da shi ma yana kama maganaɗisu. Abin da gwajin ke nunawa shi ne akasin haka: in bai kama ba sam, ƙarfen cokali da tukunya ne, ba zai riƙe kaifi ba.

Sai batun Dimashƙu, wadda ta ci kuɗina. Ta gaske ana yin ta ne da haɗa ƙarfe iri biyu a ninka a buga, a sake ninkawa, sannan a jiƙa a ruwan asid zanen ya fito. Saboda haka zanen yana cikin jikin ƙarfen, za ka ga layukansa a gadon bayan wuƙar, kuma babu biyu masu zane ɗaya. Ta bogi a fuska kawai aka zana. Ka ɗauki biyu daga tebur ka jera, in zanensu ya zo daidai kamar atamfa, ka ajiye. Akwai kuma ta tsakiya, wadda ninkin na gaske ne amma ƙarfen da aka ninka ba a san asalinsa ba, irin wadda ake fitarwa da yawa da araha. Tana kyau a bango. Kada dai ka biya mata kuɗin wuƙar aiki.

Ƙota: ka girgiza, ka murɗa kaɗan. In ta motsa, za ta ƙara motsi. Ka duba ko ƙarfen ya ratsa ta har ƙarshe, ko ɗan guntu ne aka cusa aka liƙe da gam. Ƙaho da itace suna tsagewa a hunturun Jos in ba su bushe sosai ba kafin a yi aikin, don haka ka nemi alamar tsaga a kusa da ƙusoshi. In 'yar naɗe ce, ka buɗe ka rufe sau da yawa, ka ji ko ruwan yana rawa. Opinel ta gaske tana da tambarin hannu mai kambi a ruwanta, in ba ƙananan ba kuma da zoben kulle mai juyawa, Victorinox kuma sunanta a buge yake a gindin babban ruwan, ba fenti ba.

Kube rabin kuɗin wuƙar gargajiya ne. Ka shinshina, fata tana da warinta, roba ma haka. Ka duba ɗinkin, ka kifa wuƙar a hankali a kan tebur ka ga ko za ta zube.

Mataki na bakwai: cinikin

Ka riga ka san iyakarka, mai kaya bai sani ba, kada kuma ka faɗa masa. Bari shi ya fara sa suna. In ya ce dubu 120 kuma kimarta a idonka 85 ce, ka taya ƙasa da haka kaɗan don ka bar wa kanka wurin hawa. Zai ce albarka. Ka hau a hankali, kuma kowane hawa ya fi na baya ƙanƙanta, daga nan yake gane ka kusa bango.

Amma ka bambance wanda kake ciniki da shi. Ɗan koli da ya saro kaya ya sa riba mai faɗi, taya shi rabi ba laifi. Dattijon da ya kwana uku a bakin zuga-zugi, in ka taya aikinsa wulaƙantacciyar taya, ka rufe ƙofar da ta fi ragin dubu biyar amfani. Da irinsa na fi neman gyara a kan ragi: "Baba, na yarda da kuɗin, amma a haɗa mini da dutsen nan," ko ya sauya kube, ko ya wasa mini ita. Sau da yawa ya fi sauƙin bayar da abu a kan sauke farashi a gaban maƙwabtansa.

Kada ka kushe kaya don a rage maka. In akwai aibi na gaske ka nuna shi a hankali. In kuma kuɗin ya wuce iyakarka, ka ce, "Allah ya kawo kasuwa," ka karɓi lambarsa ka wuce. In ya kira ka ya ce kawo, an sallama, to magana ta ƙare, ba a komawa baya bayan sallama.

Hattara da mai rakiya, wanda zai manne maka tun daga ƙofa yana cewa ya san inda ake samun na asali. La'adarsa a cikin kuɗinka take. Hattara kuma da abokin tafiya mai zuga. Akwai abokin da in ya ce "wallahi ta dace da kai" sau biyu, ka tashi da dubu arba'in. Da kuma rance a cikin fili: "Saya kawai, in mun koma ka ba ni." Wannan ita ce ƙofar da lambar da ka rubuta a gida ke fita.

Ranar ƙarshe ta baje koli farashi yakan sauka, domin babu mai son biyan mota ya mayar da ƙarfe gida. Sai dai zaɓaɓɓun sun tafi. In abin da kake nema na musamman ne, je da wuri. In wuƙar aiki ce wadda ake da ita da yawa, ranar rufewa da la'asar ta fi.

Abubuwa biyu da ko kyauta ne ka bari

Ƙotar hauren giwa. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, dokar Najeriya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ma tana nan. Yawancin abin da ake kira haure ƙashi ne ko roba, wato ko dai an cuce ka ko ka sayi rigima.

Na biyu, abin da aka ce maka tsohon kayan tarihi ne, "takobin yaƙin kakan kakanmu". Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, fitar da su waje kuma sai da takarda. Ga shi tsufa abu ne da ake ƙerawa: a binne sabon takobi a ƙasa mai laima, a shafa wa kube toka da mai, wata biyu ya zama na zamanin jihadi. Tsofaffin takubban Buzaye na gaske akwai masu ruwan da aka kawo daga Turai, da tambarin jinjirin wata biyu, amma maƙeran gida sun daɗe suna buga wannan tambarin su ma, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Sayi takobi a kan kyan aikinsa, kada ka biya kuɗin labari.

Mataki na takwas: in za ka ba da aiki

Wani lokaci abin da ya fi shi ne ka ga hannun maƙeri, ka ba shi aikin abin da kake so. Wannan yana raba maka biya gida biyu, amma cinikin biri a sama ne in ba ka ɗaure shi ba. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ku rubuta tsawo da inci, irin ƙarfe, irin ƙota da kube, jimillar kuɗi, ranar gamawa, da wanda zai biya kuɗin aikowa a mota. Ka ɗauki hoton takardar, ka san garinsu da unguwarsu da wani wanda ya san shi. Cikon kuɗin kuma ka cire shi daga kasafin yau ka ajiye, kada ka ɗauka ka samu rarar da za ka kashe a rumfa ta gaba.

Mataki na tara: hanyar gida

Ka karɓi rasit, ko da rubutun hannu ne a takardar littafi, da sunan mai kaya da lambarsa da bayanin abin da ka saya. Tsakanin Abuja da Jos shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kuma kowa ya san dalilin da ya sa ba a wasa da maganar makami a hanyar Filato. Kowace wuƙa a kubenta, a naɗe da jarida ko kwali, a ɗaure da salatif, a sa a ƙasan jaka, jakar kuma a but. Ba a ƙugu ba, ba a aljihu ba, ba a ƙarƙashin kujera ba. In an tambaye ka me ke cikin jakar, ka faɗa tun kafin a buɗe, ka nuna rasit. Ka yi tafiyar da rana. Takobi mai tsawon kusan mita ɗaya ba ya ɓoyuwa a jaka, ka yi tunanin yadda zai isa gida tun kafin ka biya. In jirgin sama za ka hau, wuƙa ba ta shiga jakar hannu ko da 'yar ƙaramar Victorinox ce, sai a kayan da ake aunawa, in ka manta kuwa a wurin bincike za ka bar ta.

Da ka isa, kafin ka kwanta, ka buɗe littafi: ranar saye, wurin, wanda ya ƙera, abin da ya fara faɗa, abin da ka biya. A shafi na gaba ka rubuta duk abin da tafiyar ta ci har ruwan leda, ka raba a kan wuƙaƙen da ka kawo. Wuƙar dubu 85 da aka yi wa tafiyar dubu 95, kuɗinta dubu 180 ne, kuma wannan lambar ce za ka duba badi in kana shawarar ko ka je ko ka kira maƙerin a waya ya aiko.

Sannan ka zare su daga kube. Fata tana riƙe laima, kuma daminar Jos mai tsawo ce, baƙin ƙarfen da ya kwana wata biyu a kube zai fito da tabon tsatsa. Ka goge ruwan da tsumma busasshe, ka shafa man keken ɗinki kaɗan ga na ado, kuben kuma ɗan man kaɗe. Wadda za ta taɓa nama kada ka sa mata man inji, ka wanke ka busar da ita sosai ka rataye. Dukansu a akwati mai kwaɗo, a saman kabad, inda hannun yara ba ya kaiwa.